Faifan bugu a wasan golf: gilashin Hogan da abin da ƙwallo ke ji

A watan Agustan 2016, a gasar Travelers da ake yi a jihar Konetikat ta Amurka, Jim Furyk ya zagaye ramuka 18 da bugu 58. Kafin ranar babu wanda ya taɓa yin haka a gasannin PGA Tour, jerin gasannin manyan ƙwararrun golf na Amurka. Wanda bai taɓa ganin Furyk yana bugu ba zai ɗauka lilon sandarsa abin sha'awa ne, irin wanda ake nuna wa yara a ce su kwaikwaya. Ko kusa. Yakan ɗaga sanda kusan a tsaye kamar mai shirin faskare, ta yi wani lauje a saman kansa, sannan ta faɗo ta bayansa ta zo ta sami ƙwallo. Mai sharhin nan David Feherty ya taɓa kwatanta bugun nasa da wata dabbar teku mai hannuwa takwas da ta faɗo daga kan bishiya. Mahaifin Furyk ne ya koya masa, kuma bai yarda a miƙe masa wannan karkata ba. Da ita ya ci gasar US Open a 2003.

Na fara da Furyk ne saboda abin da ake gani yanzu a wurin atisaye, ko a Kaduna ne ko a filin IBB na Abuja. Mutum ya jingina waya a jikin jaka, ya buga, ya dawo ya ja jan layi a kan hotonsa, ya tsaya yana tsaki wai sandarsa ta sauka daga layi. Kalmar da za ka ji a bakin masu koyarwa ita ce "filen", kuma ba jirgin sama suke nufi ba. Suna nufin shimfiɗar da kan sanda ke zagayawa a kanta. Ni dai faifai nake ce mata, domin babu abin da ya fi kama da ita a gidajenmu. Ɗauki faifan tankaɗe, ka jingina shi a karkace, bakinsa na ƙasa ya taɓa ƙasa. Ka ƙaddara faifan ya yi girman da za ka tsaya a tsakiyarsa, ƙwallo tana daidai inda ya taɓa ƙasa, kan sanda kuma yana bin gefensa. Wannan shi ne faifan bugu.

Me ya sa a karkace? Mai faskare da gatari faifansa a tsaye yake, domin itacen yana gabansa tsakanin ƙafafunsa. Mai yankan ciyawa da adda nasa kusan a kwance yake. Ɗan golf yana tsakiya: ƙwallo tana ƙasa, amma a gefe take, kuma gefe ake son ta tafi. Dole sanda ta zagaya jiki, dole kuma ta hau ta sauko. Jiki ne ke kawo zagayen, hannuwa su kawo hawa da sauka, haɗuwarsu ce ke ba da karkatar. Duk abin da zan faɗa daga nan na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya maganar.

Wanda ya cusa wannan tunani a kan 'yan golf na duniya shi ne Ben Hogan, mutumin Tekzas, wanda ya ci manyan gasanni 9, uku daga ciki a shekara guda, 1953, bayan haɗarin mota na 1949 da aka ɗauka ba zai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. A littafinsa Five Lessons na 1957 akwai wani zane da Anthony Ravielli ya yi: Hogan a tsaye, wani faffaɗan gilashi ya taso daga wurin ƙwallo ya kwanta a kafaɗunsa, kansa ya leƙo ta wata ɓula. Umarnin shi ne, in za ka ɗaga sanda, hannuwanka su zauna a ƙarƙashin gilashin, kada su fasa shi. Zanen ya shiga ran mutane har ya fi rubutun da ke kewaye da shi tasiri, kuma a nan aka fara ɓata.

Abu na farko da ake mantawa, gilashin rufi ne, ba titin jirgin ƙasa ba. Hogan iyaka ya shata wa hannuwa daga sama, bai ce kan sanda ya manne wa gilashin tun daga farko har ƙarshe ba. Na biyu, shi da kansa ya rubuta cewa faifan saukowa daban yake da na ɗagawa, ya fi kwanciya, kuma yana ɗan kallon dama da inda aka nufa. Ke nan wanda ake jingina wa maganar faifai ɗaya, biyu ya koyar. Na uku kuwa shi ne wanda ya fi cutar da masu koyo. Ciwon Hogan a farkon wasansa ƙwallo ce mai lanƙwasawa hagu da ƙarfi, ta sauka tana gudu ta shige daji. Shekaru ya yi yana neman maganinta, kuma yawancin abin da ya gina a bugunsa, har riƙon sandarsa, na hana ƙwallo zuwa hagu ne. Mafi yawan masu wasan sha'awa ciwonsu kishiyar wannan ne, ƙwallonsu dama take gudu. Mai zawo ya sha maganin mai taurin ciki, ka san yadda za a kwana.

Bayan Hogan masana kimiyya suka shigo. A 1968 Alastair Cochran da John Stobbs suka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Birtaniya, inda suka kwatanta bugun da lilo biyu a haɗe, hannu ɗaya sanda ɗaya, suna juyawa a kan shimfiɗa guda. A 1969 Homer Kelley, wani ma'aikacin kamfanin Boeing a Siyatil, ya wallafa nasa littafin da ya rarraba bugu gunduwa-gunduwa kamar injin da aka kwance, ya kuma lissafa faifai iri-iri da sanda ke iya sauyawa a tsakaninsu. A 2005 malamin golf Jim Hardy ya raba 'yan wasa gida biyu. Akwai waɗanda in sun kai ƙarshen ɗagawa hannunsu na hagu yana kwance daidai da layin kafaɗu, su ne masu faifai ɗaya. Akwai kuma waɗanda kafaɗunsu ke juyawa a kwance hannuwansu su hau sama, masu faifai biyu. Hogan yana rukunin farko. Jack Nicklaus, da hannuwansa can sama da gwiwar hannun damansa a buɗe kamar fiffike, yana na biyu, kuma manyan gasanni 18 ya ci. Abin da na fi yarda da shi a maganar Hardy shi ne gargaɗinsa cewa kada a gauraya darussan gidajen biyu, domin abin da ke gyara wannan shi ke rusa wancan.

Da aka samu kyamarori masu auna motsi ta kowace fuska, sai aka ga babu ɗan Adam da sandarsa ke zama a kan shimfiɗa guda tun daga ɗagawa har rakiya. Kafaɗa da nata zagayen, hannu da nasa, kan sanda da nasa. Binciken Young-Hoo Kwon a wata jami'a ta Tekzas ya nuna cewa a wurin ƙwararru kan sanda yana daidaita a kan faifai guda ne a ɓangaren ƙasa kawai, daga lokacin da ƙota ta sauko ta kwanta daidai ƙugu kafin duka, zuwa lokacin da ta sake kwantawa daidai ƙugu bayan duka. Daga ƙugu zuwa ƙugu ke nan. Abin da ke sama da haka hanya ce kawai ta isowa wurin, kuma kowa da tasa. Furyk yana fita ta waje ya dawo ta ciki. Sergio García yana barin sanda ta zube bayansa a farkon saukowa. Jon Rahm, wanda aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafar dama, idon sawunsa bai ba shi damar doguwar ɗagawa ba, sai ya taƙaita ta. In ka tsayar da hotonsu a sama ba za ka ce sana'a ɗaya suke yi ba. Tsayar da shi a daidai ƙugu, sai ka rantse gida ɗaya suka tashi.

Duk wanda ya yi gadin tsuntsu a gonar gero da majaujawa ya san dalilin. Zagayen farko igiya na iya yin lilo yadda ta ga dama, amma da gudu ya kankama sai dutsen ya ja ta ta miƙe, zagayen ya daidaita da kansa. Kan direba, wato doguwar sandar bugun nesa, a hannun ƙwararre yana wuce mil 110 a awa lokacin da ya iso ƙwallo. A wannan gudun nauyinsa ne ke jan ƙota ta shiga layi. Ba ka riƙe sanda a kan faifai da ƙarfin damtse, sai dai ka ajiye ta inda in gudu ya ɗauke ta za ta faɗa faifan da kake so.

To, faifai yana da sifa biyu, kuma mutane sun tare a kan wadda ba ta kai ɗayar muhimmanci ba. Ta farko karkatarsa, wato ko ya miƙe ko ya kishingiɗa. Ta biyu inda bakinsa ke kallo: dama, hagu, ko daidai inda aka nufa.

Karkata yawanci ba zaɓinka ba ce, tsawon sanda ne da tsawonka ke yanke ta. Direba tana da kimanin inci 45, dole ka ja baya daga ƙwallo, faifai ya kwanta. Ƙarfe mai lamba 7, sandar matsakaicin nisa, kimanin inci 37 ne, weji, gajeriyar sandar bugun kusa, wajen 35, dole ka matso, faifai ya miƙe. Na'urorin rada irin TrackMan, wadda wani kamfanin Denmak ya fara ƙerawa a 2003, suna nuna faifan direba a tsakanin digiri 45 da 50 daga ƙasa, na ƙarfe mai lamba 6 kuwa wajen 60. Sanda 14 doka ta yarda ka ɗauka, in ka cire ta turawa a rami, kana da faifai 13 a jakarka. Wannan ne ya dami Bryson DeChambeau, wanda ya karanta littafin Kelley tun yana matashi, har ya sa aka yanke masa duk ƙarafansa tsawo ɗaya, inci 37 da rabi, don ya riƙa tsayuwa iri ɗaya. Ya ci US Open a 2020 da 2024, saboda haka ba za a ce shirme ba ne, amma sauran manyan 'yan wasa ba su bi shi ba, kuma ba su fasa cin kofi ba. Kafinsa akwai Moe Norman na Kanada, mai buɗe ƙafafu sosai ya miƙe hannuwa su yi layi ɗaya da ƙota tun kafin ya fara. Tiger Woods ya taɓa cewa mutum biyu ne kawai suka mallaki bugunsu, Norman da Hogan. Ka lura, tsayuwar mutanen biyu ba ta yi kama ba ko kaɗan.

Inda faifai ke kallo, a nan gizo ke saƙar. Koma ga faifanka da ka jingina, ka bi gefensa da yatsa daga dama kana saukowa. Kafin ka kai ƙasa yatsanka yana yin abu biyu a lokaci guda, yana sauka, yana kuma fita nesa da jikinka, wato yana nufar dama. A daidai ƙasan faifai ne kaɗai yake tafiya sak. Da ya wuce nan sai ya fara hawa yana dawowa ciki, wato hagu. Ma'anar wannan babba ce. Da ƙarfe ana dukan ƙwallo ne kafin sanda ta kai ƙasan zagayenta, shi ya sa ake ɓantaro ciyawa a gaban inda ƙwallo take ba a bayanta ba. Ƙwararru da ƙarfe mai lamba 7 suna saukowa a kanta da kimanin digiri 4. Tunda tana kan sauka, to tana kan fita dama ke nan, ko da bakin faifan yana kallon tuta daidai. Lissafin ba wuya: a faifai mai digiri 45, kowane digiri ɗaya na sauka yana tura hanyar sanda digiri ɗaya zuwa dama. A faifai mai digiri 60, saukar digiri 5 tana ba da kusan 3. Saboda haka mai son ƙarfensa ya bi ta cikin ƙwallo sak, sai bakin faifansa ya ɗan kalli hagu.

Da direba abin ya juya. Ƙwallo tana kan ɗan turke, an matsar da ita gaba wajen ƙafar hagu, kuma mai neman nisa yana so ya same ta sanda tana hawa. In tana hawa, ta riga ta fara komawa hagu. Don ta tafi sak sai bakin faifan ya ɗan kalli dama. Wannan ne amsar tambayar da ake yawan yi a wurin shan ruwa bayan rami na 9: me ya sa ƙarafana ke tafiya daidai amma direba ta ƙi ni? Bugu ɗaya kake yi, wuraren da kake samun ƙwallo a gefen faifan ne suka bambanta. Ga shi kuma matsar da ƙwallo gaba yana jan kafaɗu su buɗe hagu tun a tsaye ba tare da ka sani ba, sannan fuskar direba ba ta da kwanciya sosai, kuskure kaɗan take mayarwa lanƙwasa mai yawa.

Ƙwallo ba ta san sunan malaminka ba, ba ta kuma ga inda hannunka ya tsaya a sama ba. Haɗuwarta da fuskar sanda kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ce. A wannan ɗan lokacin abin da take ji shi ne inda fuska ke kallo, inda kan sanda ya dosa, gudunsa, da wurin da ta taɓa a fuskar. An daɗe ana koyar da cewa ƙwallo tana tashi ta bin hanyar sanda, fuska kuma ta lanƙwasa ta daga baya. Masanin kimiyyar lissafin motsi Theodore Jorgensen na Jami'ar Nebraska ya bayyana ainihin yadda abin yake a littafinsa na 1994, rada kuma ta zo ta tabbatar: fuska ce ke da kaso mafi tsoka a inda ƙwallo ke fara dosa, wajen kashi 85 cikin ɗari da direba, ƙasa da haka kaɗan da ƙarfe. Lanƙwasa kuwa tazarar da ke tsakanin fuska da hanya ce ke haifar da ita, kuma ƙwallo tana gudun hanyar ne. In hanya ta yi hagu da fuska, ƙwallo ta lanƙwasa dama. In ta yi dama da fuska, ta lanƙwasa hagu.

Daga nan ake gane yadda ciwon yawancinmu yake kama mutum. Sabon ɗan wasa yana riƙe sanda yadda fuskarta ke zuwa a buɗe, ƙwallo ta tafi dama. Jiki ba wawa ba ne, gobe sai ya ja sandar zuwa hagu don ya rama. Kafaɗar dama ta yi gaba tun farkon saukowa, sanda ta faɗo daga waje tana sara kamar fartanya, bakin faifai ya koma hagu sosai. Tazarar fuska da hanya ta ƙaru, lanƙwasar ta ƙaru, shi kuma ya ƙara ja hagu. Sai wani abokin wasa mai kyakkyawar niyya ya ce masa faifanka ne ya lalace, riƙa fitar da sanda dama. Ya gwada, fuska tana nan a buɗe, ƙwallo ta tashi dama ta ƙara dama, ta faɗa rami na kusa. Bugu uku ya isa ya koma gidan jiya. An bar jaki ana dukan taiki. A ganina duk mai wannan ciwo ya fara da riƙo: ya juya hannun hagu har ya ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku in ya duba ƙasa, ya yi ta bugu har ƙwallo ta fara tafiya hagu tana ƙara hagu. Ranar da ya fara jin tsoron hagu, jikinsa da kansa zai nemi fitar da sanda dama, kuma a lokacin ne darasin faifai zai zauna.

Akwai wani kuskuren da ke fitowa daga son gyara. Mutum ya ji an ce a zo wa ƙwallo daga ciki, sai ya fizgi sanda zuwa bayansa tun a takun farko, yana murɗa wuyan hannu. Sanda ta shige ciki da wuri ta rasa wurin zuwa, dole ya ɗaga ta sama, daga sama kuma ba ta da hanya sai ta waje. Laujen Furyk ke nan aka juya shi baibai. Shi yana fita waje ya faɗo ciki, wannan yana shiga ciki ya faɗo waje. In dole sai an yi lauje, na Furyk ne mai kai mutum gida. Sasho MacKenzie, wani mai bincike a Kanada, ya nuna cewa in nauyin sanda ya ɗan kasance ƙasa da hanyar da hannuwa ke bi a farkon saukowa, jan da hannuwa ke yi yana taimaka wa fuska ta rufe da kanta. In yana sama da hanyar, sai ɗan wasa ya yi kokawa da ita.

Waya kuwa tana ƙarya, ba da niyya ba. In ka ajiye ta a bayan ƙwallo, bugunka zai nuna kamar ya shige ciki. In ka ajiye ta a bayan dugaduganka, bugun nan dai zai nuna kamar ya fita waje. In wani dogo ya riƙe ta daidai fuskarsa, wani hoton daban za ka gani. Yawancin jan layin da ake ja ana baƙin ciki, matsayin kyamara ake aunawa. A ajiye ta daidai tsayin hannuwa, a kan layin hannuwa, tana kallon gaba a jere da layin da aka nufa, taku huɗu ko biyar a baya, kuma kullum a wuri ɗaya. Sannan kada a duba komai sai hoto guda: lokacin da ƙota ta sauko ta kwanta daidai ƙugu. In kan sanda ya rufe hannuwa ko ya ɗan tsaya bayansu, lafiya. In ya fito gabansu ta wajen ƙwallo, daga waje kake zuwa. In ya maƙale can baya, ka yi ciki da yawa, za ka riƙa tura ƙwallo dama ko ka murɗe ta hagu irin ta Hogan.

Wajen atisaye, a tuna saukowa gaba ɗayanta kimanin rubu'in daƙiƙa ce. Babu mai iya ba gwiwar hannunsa umarni a cikin wannan lokacin. Binciken Gabriele Wulf a kan yadda jiki ke koyon motsi ya nuna mutum ya fi saurin ƙwarewa in hankalinsa yana kan abin da ke wajen jikinsa, kamar sanda ko inda za ta bi, fiye da in yana kan gaɓoɓinsa. Shi ya sa na fi son atisayen da ke sa wa sanda shinge. Ajiye rigar kan direba ko robar ruwa marar komai a waje da ƙwallo, ɗan baya kaɗan, tazarar faɗin hannu. Mai zuwa daga waje zai doke ta. Kada ka gaya wa jikinka yadda zai kauce mata, bar shi ya nemo. Fara da rabin bugu, ƙugu zuwa ƙugu, da ƙarfe mai lamba 8 ko 9, a rabin ƙarfi, ƙwallo a kan ɗan gajeren turke. Mai maƙalewa a ciki sai ya mayar da robar ɓangaren ƙafafunsa, bayan ƙwallo.

Wani kuma ba ya buƙatar ƙwallo ma. Miƙe tsaye ka riƙa kaɗa sanda a kwance daidai ƙirji, kana jin yadda take zagaya jiki da yadda hannun dama ke hayewa kan na hagu. Sai ka riƙa sunkuyawa daga ƙugu kaɗan-kaɗan kana ci gaba da kaɗawa, har kan sanda ya fara shafar ƙasa. Faifan bai canza ba, karkatar da shi ka yi. Wanda ya saba sara zai ji kamar sandar ta kwanta fiye da kima, kuma wannan jin ba abin dogara ba ne. Wanda ya shekara goma yana zuwa daga waje, ranar da ya zo daidai zai rantse ya wuce gona da iri. Sai ya yi abin da yake ji kamar ninki biyu kafin waya ta nuna ɗan canji.

Rani yana da nasa amfanin a nan arewa. In hunturu ya busar da fili, ƙasa ta yi tauri a Kano ko Zariya, mai sara daga sama ba ya samun afuwa: ko sanda ta yi tsalle ta daki ƙwallo a tsakiyarta, ko hannu ya ji a jikinsa. Sami wuri mai rairayi, ka ja layi da ƙota, ka tsaya kamar ƙwallo tana kan layin, ka buga sau goma kana matsawa. Shaida biyu za ka karanta. Ya kamata kowane sawu ya fara daga layin ya yi gaba. Sannan ka duba inda sawun ya dosa. In ya ɗan karkata hagu kaɗan ba laifi, domin bayan an doki ƙwallo ake yin sa, lokacin da sanda ta kusa juyowa ciki. In kuwa ya yanka hagu sosai kuma yana da zurfi, bakin faifanka ne ke can. Yaran da ke ɗaukar jaka, waɗanda da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya daga cikinsu suka fito, da irin wannan kallon suke koyo, da tsohuwar sanda guda da idon da ya ga dubban bugu, kuma sau da yawa lilonsu ya fi na mai jakar kyau.

Kafin ka ɗora wa kanka laifi duka, duba sandunan. Da yawanmu na gwanjo muke saya, waɗanda aka yanka wa wani mutum mai wani tsawo a wata ƙasa. Kusurwar da ke tsakanin ƙota da tafin sanda, a ƙarfe mai lamba 7, wajen digiri 62 ko 63 ce. In ta miƙe fiye da yadda ya dace da kai, dunduniyar sanda ce za ta fara taɓa ƙasa, hancinta ya ɗaga, fuska ta kalli hagu ko da ka yi komai daidai, kuma abin ya fi tsanani a gajerun ƙarafa. In ta kwanta da yawa, akasin haka. Manna tef a tafin sanda ka buga a kan katako mai laushi, inda ya goge zai gaya maka. Shafa alli a fuskar direba ma yana da amfani, domin dukan da ya faɗa wajen dunduniya yana lanƙwasa ƙwallo dama ko da hanya da fuska sun yi daidai, kuma mutum na iya shafe wata yana gyaran faifan da ba shi da laifi.

A cikin fili kuma ƙasa ce ke da magana ta ƙarshe a kan karkata, musamman a wuri mai tudu da gangare irin Rayfield na Jos. In ƙwallo ta fi ƙafafunka tudu, faifai ya kwanta da kansa, fuska ta kalli hagu, sai ka riƙe sanda ƙasa-ƙasa ka nufi dama. In tana ƙasa da ƙafafunka, faifai ya miƙe, ƙwallo za ta so zamewa dama. Ƙara lanƙwasa gwiwa, ka bar nauyi a dugadugai, ka ɗauki sandar da ta fi ta kullum lamba ɗaya, ka nufi hagu kaɗan, ka rage ƙarfi.